Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba, Wani Lokacin Mai Rubuta Kod Ne



Ka buɗe shafin cike fom a wayarka, rubutu ya fito, hotuna sun fito, amma ka danna maɓallin aikawa shiru kamar an shuka dusa. Sai ka ce netwok ne. Wanda ke Tsafe ko Bungudu har kuɗin mota yake kashewa ya shigo Gusau neman kafe, ya tarar a can ma haka ne. Malam, in shafi ya gama buɗewa amma maɓalli ɗaya ya ƙi motsi a kowace waya, galibi sakacin wanda ya gina shafin ne.

Ga yadda abin yake. Masu gina shafuka kan rubuta fayil ɗaya na JavaScript su jona shi a duk shafukan: na farko, na rajista, na biyan kuɗi. Wannan dabara ce mai kyau, don burauza na ajiye fayil ɗin, ba sai ta sake sauko da shi ta ci maka data ba. Matsalar ita ce shafukan ba kayansu ɗaya ba. Hotuna masu zagayawa na shafin farko, amma babu su a shafin rajista. Idan kod ya nemi abu da getElementById ko querySelector bai samu ba, null ake ba shi, wato babu. Da ya ce zai taɓa wannan babun, sai Chrome ta fitar da kuskuren nan "Cannot read properties of null", fayil ɗin ya tsaya cak. Duk layin da ke ƙasa ba zai gudana ba, har da wanda ke kula da maɓallinka. Kai kuma ba ka ganin komai, don wayar ba ta nuna maka saƙon.

To kai mai rubuta kod, da kai nake. Maganin layi ɗaya ne:

const maballi = document.getElementById("aika");
if (maballi) { maballi.addEventListener("click", aika); }

Ka duba akwai shi kafin ka taɓa. Ka kuma raba aikin kowane sashe cikin fankshin nasa, mai farawa da wannan dubawar, don rashin hotuna kada ya hana fom aiki.

Wani zai ce: "Ai a kwamfutata yana aiki." Shafi nawa ka gwada? Na farko kawai, inda komai yake. Haba!

Wani zai ce ya sa alamar ?. ya huta. Alamar ta shigo ne a 2020, Chrome 80 ce ta fara gane ta. Burauzar da ta girmi wannan ba ta san ta ba, kuma ba layi ɗaya za ta tsallake ba, fayil ɗin gaba ɗaya za ta ƙi karantawa. Ka san irin tsofaffin wayoyin da ke hannun mutanenmu.

Mafi muni shi ne mai naɗe komai cikin try da catch ya bar catch ɗin wayam. Wannan ɓoye ciwo ne. Haka jQuery: in ba ta samu abu ba ba ta ƙorafi, wucewa take. In hoton ado ne babu, a wuce. In kuwa fom ne ya ɓace a shafin rajista saboda ka yi kuskuren harafi a sunansa, dole kod ya sanar da kai, ko da console.error ne. Ka bambance abin da rashinsa daidai ne da wanda rashinsa matsala ce.

Kada ka raina null. Tony Hoare, wanda ya ƙirƙiro shi a 1965, da bakinsa a 2009 ya kira shi kuskuren dala biliyan ɗaya. A nan kuwa asarar ita ce ɗalibin da ranar rufe rajista ta wuce shi yana ta danna maɓallin da ba zai taɓa amsawa ba.

Kai kuma da za ka biya a gina wa makarantarka ko shagonka shafi, kada ka cika kuɗin sai ka buɗe kowane shafi da ƙaramar waya ka danna kowane maɓalli da hannunka.