Saƙon Murya: Shaidar da Binciken Sadarwa Yake Tsallakewa

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a Maradi, ko a rumfunan hatsi na kasuwar Dole a Damagaram, ya saba ganin mutum ya fito da salula, ya danne alamar makirufo da babban yatsa, ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya faɗi kuɗin tiyar gero ko ranar ɗaurin aure, ya saki yatsa. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, wannan hanya ta gaje gurbin wasiƙa a wurin ɗan kasuwa da ɗan ci-rani da uwar gida. A ƙasar da ƙididdigar UNESCO ta nuna manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, hakan ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa wannan ɗimbin magana bai samu matsayin da ya dace da shi ba a cikin binciken da ake yi kan sadarwa da sauyin zamani a Nijar.

Adalci ne a fara da yaba abin da aka riga aka yi. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take bazuwa, ta kuma nuna a aikin da ta wallafa a 2010 cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Daga baya ita da abokan aikinta suka nazarci shirin yaƙi da jahilci na ABC a jihohin Dosso da Damagaram, inda aka koya wa manya karatu da Hausa da Zabarmanci tare da amfani da salula, aka ga sun ɗara takwarorinsu a jarrabawa. Cibiyar LASDEL kuma, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta raini al'adar doguwar zama da jama'a da sauraronsu cikin harsunansu. Waɗannan ayyuka sun amsa tambayoyi masu nauyi. Sai dai mafi yawan rahotannin da suke fitowa kan fasahar zamani ƙidaya suke yi: layukan waya nawa, masu shiga intanet nawa, kuɗi nawa ake kashewa. Abin da ake faɗa a cikin wayar, da yadda ake faɗarsa, ya rage a bakin ƙofa. Nan ne aikin ɗalibin kimiyyar harshe yake.

Hujja ta farko ta shafi ingancin ƙidayar kanta. Takardar tambayoyi galibi da Faransanci ake tsara ta, mai tambaya ya juya ta zuwa Hausa a tsaye, ya sake mayar da amsa Faransanci. To, Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. In ya ce ya sayi kiredi na “ɗari”, sefa 500 yake nufi. In ya ce “jika”, 1000 ce. Mai tambayar da hankalinsa ya ɗauke na daƙiƙa guda zai rubuta 100 a gurbin 500, kuskuren kuma ya shige cikin jadawali ya zama sakamakon bincike. Haka kuma mutumin da yake aika saƙon murya kullum yana iya amsa cewa ba ya shiga intanet, domin a wurinsa WhatsApp daban, intanet daban. Ba ƙarya ya yi ba, tambayar ce ba ta san harshen wanda ake yi wa ita ba.

Hujja ta biyu ta shafi abin da murya take ɗauke da shi wanda rubutu yake zubarwa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A rubuce, “ya biya” tana iya zama labari cewa an riga an biya, tana kuma iya zama umarni cewa a biya. A baki, doguwar “ya” mai karin sama da gajeriya mai karin ƙasa sun raba gardama tun kafin ta tashi. Ga kuma allunan waya da yawa da ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kusa, har “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɓata” ta koma “bata”. Mai zaɓar murya, ko da ya yi lakwal, yana da dalili na harshe. Bayan haka, mai son fahimtar yadda jita-jita take yaɗuwa ba zai wadatu da sanin yawan waɗanda suka tura saƙo ba. Dole ya saurari yadda “wai” ta asali take ɓacewa bayan an sake faɗar labari sau uku, ta koma “an ce”, ta ƙare a “na gani da idona”; yadda rantsuwa da basmala da salon wa'azi suke sa a gaskata mai magana; yadda jin karin harshen garinsu yake sa mai sauraro ya saki jiki da muryar da bai san mai ita ba. Waɗannan abubuwa ne na nazarin ma'ana da walwalar harshe, kuma babu jadawalin da zai kama su.

Hujja ta uku tana duban gaba. Na'urorin fassara da na gane magana daga abin da aka tara musu suke koyo. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, kuma a 2022 masana, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad, sun fitar da NaijaSenti, taskar saƙonnin Twitter da ta haɗa da Hausa. Aiki ne abin yabo, amma rubutacciyar Hausar Nijeriya ce. Ba'adare da Bagobiri da Ba'are, masu cewa “tahi” da “biyat” da “hwari”, da duk mai cewa “likita” yana nufin asibiti, ko “rezo” da “mushe” da aka aro daga Faransanci, ba su da wakilci sosai a irin waɗannan taskoki. In ba a tara maganarsu ba, na'urar gobe za ta ɗauki Hausarsu a matsayin kuskure, ta yi ta gyara su.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, saƙon murya sirri ne. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni tsakanin mai aikawa da mai karɓa, don haka babu hanyar samunsu sai daga hannun masu su. Murya kuma ba kamar rubutu ba ce da za a goge suna a huta, ita kanta tana tona mai ita. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, tana da dokar laifuffukan intanet ta 2019 wadda take hukunta yaɗa abin da aka ɗauka zai tada hankalin jama'a. Ɗalibin da ya kwashi saƙonnin rukunin unguwarsu ya zuba a kundin digiri ba da izini ba, yana iya jefa maƙwabcinsa cikin wahalar da bai san da ita ba. Na biyu, aikin yana da cin rai: rubuta magana ta awa guda tare da alamun karin sauti yana cinye sa'o'i masu yawa.

Amsar duka biyu tsari ne. A nemi yardar mai murya da harshen da yake ji, a bayyana masa inda maganarsa za ta je, a ba shi ikon janyewa. A ware abin da ya shafi siyasa da rikici da sirrin aure, a fara da abin da hatsarinsa kaɗan ne: ciniki, gaisuwa, sanarwar biki, shawarar noma. A ajiye sautin a kulle, a wallafa rubutaccen kwafi da aka cire sunaye. Game da nauyin aiki kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in ɗaliban Yamai da Maradi da Tawa da Damagaram suka amince da ƙa'ida guda ta rubuta magana, bisa dokar rubutun Hausa ta 1999 tare da ƙarin alamun sauti, abin da kowane kundi ya tara zai haɗu da na ɗan'uwansa maimakon ya kwanta a kabad.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyoyin sauraron rediyo na farkon shekarun 1960 sun ɗauki muryar manoma suka mayar da ita shiri. Cibiyar CELHTO, wadda asalinta ya koma 1968, an kafa ta ne a Yamai kan fahimtar cewa maganar baka shaida ce ta ilimi, IRSH kuma tana adana rubuce-rubucen ajami. Waɗancan magabata sun yi tafiyar kwanaki da rikoda don samun abin da yau yake yawo a aljihun kowa. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, tambayar wace Hausa ce za ta shiga makaranta da ofis da na'ura ta zama ta gaggawa, kuma ba za a amsa ta da zato ba. Ya rage ga sassan nazarin harshe su ƙwanƙwasa ƙofar sassan nazarin zamantakewa da na sadarwa, su shiga tsara tambayoyi tun daga farko, su kuma amince da kundin da aka gina kan saƙon murya kamar yadda suke amincewa da wanda aka gina kan tatsuniya ko waƙar baka. Waya takan lalace, ma'ajiyarta takan cika a goge, maganar bara ta tafi ke nan. Abin da ba a tara bana ba, ba za a same shi baɗi ba.