A Faɗa Wa Mata Gaskiya Kafin A Yanke Nono

Jama'a, wata magana ce muka daɗe muna taunawa. Kwanan baya muna cikin shirinmu na rediyo nan Filato, sai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa ta bugo waya. Ta ce wata 8 ke nan tana jin ƙullutu a nononta, ba ta faɗa wa kowa ba. Muka ce: "Hajiya, me ya hana ki zuwa asibiti?" Ta ce: "In na je yanke shi za su yi, ni kuwa ina da kishiya." Ta kashe waya.

Ku lura, ba ta ambaci kuɗi ko zafin wuƙa ba. Tsoronta yadda za ta zauna gidan miji da ƙirji fayau.

Abin da ba a cika gaya wa matanmu ba shi ne, nonon da aka cire saboda ciwon daji ana iya sake gina shi. Likita na iya sa 'yar jakar silikon a wurin, ko ya ɗebo fata da tsoka daga bayan mace, ko kitsen cikinta, ya siffanta nono da su. Wani lokaci a aikin da aka cire mai ciwon ake yin ginin, barci ɗaya, mace ta farka da siffarta. Wani lokaci kuma sai an jira watanni, musamman in za a yi gashi da na'ura, don gashin kan sa wurin ya taurare a kan silikon. Ba za mu yi muku daɗin baki ba: wannan nonon ba ya shayar da yaro, kuma jin taɓawa yana raguwa. Amma binciken likitoci ya nuna ginin ba ya sa ciwon ya dawo.

A Amurka, tun 1998 doka ta tilasta wa kamfanonin inshora masu biyan kuɗin cire nono su biya na gina shi. Duk da haka ba kowace mace ke karɓa ba. Wasu sukan ce aiki ɗaya ya ishe su, su sa na roba cikin rigar nono. Haƙƙinsu ne. Bambancinmu da su, su ana tambayarsu.

Mu ma ba a ce ba a yi komai ba. A 2007, zamanin Tandja Mamadou, an yi dokar kula da ciwon daji na mata kyauta. A 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa nan Yamai, abin da a da sai an fita waje. Sai dai yawancin matanmu sukan isa Maternite Issaka Gazoby ko Babban Asibitin Ƙasa bayan ciwo ya ci ƙarfi, an sha sassaƙe, an shafa rubutu, wani har ya fashe. A nan ceton rai ake yi, ba wanda ke zancen gini. Alhali da an zo da wuri, sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa, nono ya tsaya.

Shi ya sa muke ganin wannan ba zancen kwalliyar masu kuɗi ba ne. Macen da ta san akwai gyara ta fi saurin zuwa. Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta horas da likitocin wannan aiki, a kuma sa shi cikin abin da gwamnati ke biya. Likitoci su ba mace minti 5 su yi mata bayani kafin ta sa hannu a takarda. Ku kuma iyayenmu na Katako da Wadata, da kuka iya ciniki kan dala 5, ku tambaya: dole ne a cire duka? Ana iya ginawa? Yaushe, kuma nawa? Mazan rumfa kuwa, wanda ya juya wa matarsa baya don an yi mata aiki, shi ne ke hana matar maƙwabcinsa zuwa asibiti.

Hajiya mai atamfa ba ta sake kira ba. In wani ya gane ta a layinsu, don Allah ya karanta mata wannan shafi, ya raka ta asibiti cikin makon nan.