Yaranmu Sun San Istanbul, Amma Ba Su San Atlanta Ba



Ran Asabar da ta wuce ina zaune a gidan kallo a nan Ama Hausa, sai gardama ta kaure tsakanin samari kan wasan da aka fi ban mamaki wajen farke ci. Wani ya ce na Liverpool da AC Milan ne a Istanbul a 2005, da aka je hutun rabin lokaci Milan na da uku, Liverpool ta farke duka ta kuma ɗauki kofi a bugun fenareti. Wani ya ce a'a, na Barcelona ne da ta rama wa PSG 6-1 a 2017 bayan ta sha 4-0 a Faransa. Na bari suka gama, sannan na ce, "To ina kuka bar Najeriya da Brazil a Atlanta?" Sai wuri ya yi tsit. Can wani yaro ya ce, "Kawu, a Gasar Kofin Duniya aka yi shi?"

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifinsa ba, don lokacin ba a haife shi ba. Laifinmu ne mu da muka gani da ido muka bar labarin a bakinmu.

Ranar 31 ga Yulin 1996 ne, wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Brazil ta zo da Ronaldo da Bebeto da Rivaldo da Roberto Carlos, ga Dida a raga, kuma ta riga ta doke mu 1-0 a wasan rukuni. Ba a yi minti biyu da take wasa ba Flavio Conceicao ya zura mana ɗaya. Babayaro ya kwararo wata ƙwallo, Roberto Carlos ya ci gida, muka ɗan numfasa. Sai Bebeto ya ƙara, Conceicao ya sake ƙarawa. Aka je hutu 3-1. Da aka dawo muka samu fenareti, Okocha ya buga, Dida ya tare.

A nan ne mutane suka fara watsewa. Yau duk wanda ka tambaya zai ce ai shi ya san za a farke, amma mu faɗi gaskiya. Ni ina ɗan sakandare lokacin, a ƙofar shagon wani maƙwabcinmu Ibo muka taru, ya fito mana da talabijin waje ya ɗora a kan benci. Dare ya riga ya yi nisa. Da aka zubar da fenaretin nan, fiye da rabinmu suka kaɗe riga suka tafi, har da yayana da ya ce gobe yana da sammakon kasuwa. Ni ma ba wani ƙarfin zuciya ne ya zaunar da ni ba, ina jin tsoron komawa gida ni kaɗai ne.

Saura minti goma sha biyu a tashi Victor Ikpeba ya ci ta biyu. Kocin Brazil, Mario Zagallo, ya cire Ronaldo yana ganin aiki ya gama. A minti na 90 Okocha ya yi dogon jifa, ƙwallo ta rikice a gaban raga, Nwankwo Kanu ya ɗaga ta ya juya ya jefa ta a bayan Dida. Aka shiga ƙarin lokaci, kuma a dokar wancan zamani duk wanda ya fara ci ya gama wasa. Minti huɗu kacal Kanu ya kwantar da masu tsaron baya ya narka ta da ƙafar hagu. 4-3. Ihun da garin Owerri ya ɗauka shi ya tashe waɗanda suka je suka kwanta. Yayana ya fito ba takalmi yana tambayar wa ya mutu.

Abin da ya sa nake cewa wannan wasa ya fi na Istanbul a wurinmu, ba don an fi iya ƙwallo a cikinsa ba ne. Namu ne. Kanu ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi, a Iwuanyanwu Nationale ya yi suna. A cikin tawagar kuma akwai yaran Kaduna: Daniel Amokachi, Tijani Babangida, Garba Lawal, da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. A daren nan mai shagon ya rungume wani dattijo mai sayar da goro, yana kiran Babangida, dattijon yana kiran Kanu. Babu wanda ya tambayi wani daga ina ya fito. Kuma a tuna ƙasar ba cikin daɗi take ba: mulkin soja ne, an dakatar da mu daga ƙungiyar Commonwealth, ba mu ma je Gasar Kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu a farkon shekarar ba.

Kwana uku bayan haka, ranar 3 ga Agusta, Ajantina ta shige gabanmu sau biyu a wasan ƙarshe. Babayaro ya farke, Amokachi ya farke, Emmanuel Amunike ya ci ta uku daf da tashi. Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci lambar zinare ta ƙwallon ƙafa a Olamfik. Yayyenmu kuwa za su ce kafin Atlanta akwai Dammam a 1989, inda matasanmu 'yan ƙasa da shekara 20 suka farke 4-0 a hannun Tarayyar Sobiyet, suka yi nasara a bugun fenareti.

Na san wasu za su ce hira ce ta tsofaffi, kuma ƙwallo ba ta taɓa gyara ƙasa ba. Gaskiya ne, washegari kowa ya koma kan matsalarsa. Ban kuma ce a daina kallon wasan Turai ba, ni kaina ina da kulob ɗin da nake goyon baya. Amma yaron da ya tashi a garin da ba na iyayensa ba, kullum yana jin labarin abin da ya raba shi da maƙwabcinsa, ya kamata ya ji ko da labari ɗaya na ranar da suka yi murna tare. Abin takaici, da yawa yanzu idonsu ba a kan wasa yake ba, a kan takardar caca yake. Wanda ya sa kuɗi a kan Brazil ai kuka zai yi da ƙwallon Kanu.

Shawarata ga masu gidajen kallo ita ce a ware dare ɗaya da babu wasan Turai, a nemo wannan wasa a intanet a haska shi daga farko har ƙarshe. A gayyaci samarinmu, a gayyaci maƙwabtanmu Ibo, a bar dattawa su zauna a gaba. Kada a faɗa wa yaran yadda aka tashi, mu ga su wa za su zauna bayan 3-1.

Wanda ya kalli wasan a 1996 ya faɗa mana inda ya kalla, kuma don Allah ya faɗi gaskiya ko ya tsaya har ƙarshe. Allah Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren ƙungiya