SON ZUCIYA CIKIN RIGAR HUJJA, DA BUKATARMU GA ILIMIN MA'AUNI

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da Littafi da ma'auni, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta dace duk mai kira zuwa ga gyara ya yi wa kansa kafin ya yi wa waninsa. Kowa a yau yana cewa Alƙur'ani da Sunna yake bi, kowa yana jawo aya yana kawo hadisi, amma duk da haka sai ka tarar da mutum biyu 'yan unguwa ɗaya, a Kazaure ko Roni, sun karanta nassi guda sun fito da hukunci biyu masu karo da juna, har ta kai ɗaya ba ya amsa sallamar ɗaya. Shin laifin nassin ne? Allah Ya kiyaye. Wani saɓanin daga ƙarancin sani yake, wani daga yalwar harshen Larabci, amma akwai na uku wanda ba mu cika son ambatonsa ba, shi ne wanda zuciya take haifarwa sannan ta aiki ƙwaƙwalwa ta nemo mata hujja.

YADDA SON ZUCIYA YAKE SHIGA

Da son zuciya yana zuwa ne da kamanninsa na gaskiya, da ba zai ruɗi mai tsoron Allah ba. Rigar malanta yake sanyawa, kuma ta ƙofa uku yake shiga. Ta farko ita ce zaɓen nassi: mutum ya haddace duk abin da ke goyon bayansa, ya manta da wanda ke ƙalubalantarsa, ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta biyu ita ce zaɓen ma'ana: kalma tana ɗaukar fuska biyu, sai ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi ya ce ita ce zahiri. Ta uku, wadda ta fi kowace ɓoyuwa, ita ce wurin ɗora hukunci: ayar da ta zargi masu rarraba addini kullum a kan waɗancan take sauka, wadda ta yabi masu haƙuri kuwa kullum mu take nufi. Saboda haka ne aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayar da adalci ko da a kan kawunansu ne da iyayensu, kuma ta haɗa wannan umarni da hani ga bin son rai. Haka nan ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, alhali kuwa fushi ba ya goge masa ko harafi ɗaya daga abin da ya karanta.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Lokacin da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku, wanda ya yi jihadi a ƙasar Kano, ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekaru ana gwabzawa, daga bisani Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta amince da Kazaure a matsayin masarauta mai zaman kanta. Abin da ya faru ɗaya ne, amma mai ba da labari daga Kano zai kira shi tawaye, na Kazaure kuwa zai kira shi kare haƙƙi, kuma kowannensu zai rantse gaskiya yake faɗi. Inda aka binne cibiyar mutum ita ce ta zaɓar masa kalma tun kafin ya buɗe littafi. To, idan haka lamarin yake game da abin da ya wuce shekara 200, ina ga mas'alar da ta shafi malaminka, ko ƙungiyarka, ko kujerar limancin masallacin unguwarku?

TAMBAYA A TAKARDA, JINI A ƘASA

Wasu 'yan'uwa sukan ce tambayoyi irin su mene ne haƙiƙanin abu, ina iyakar ma'anar kalma, yaushe hujja take zama yankakkiya, duk falsafa ce da ɓata lokaci, a ba mu aya da hadisi kawai. Tarihin ƙasarmu ya ƙaryata wannan zato. Dubi wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno da jagororin jihadin Sakkwato. Dukansu Malikawa ne, littattafan da suka karanta kusan ɗaya ne. Alkanemi ya kafa hujja da cewa abubuwan da ake tuhumar Borno da su, kamar cin hanci da zalunci a shari'a da fitar mata ba lulluɓi, saɓo ne ba kafirci ba, kuma ana samun irinsu a Masar da Sham ba wanda ya ce a yaƙe su. Muhammadu Bello ya amsa da cewa ba don saɓo aka yi yaƙin ba, sai don yanka ga duwatsu da itatuwa, da kuma taimakon da Borno ta bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Duk gardamar ta rataya ne a kan tambaya guda: ina iyakar saɓo, ina farkon kafirci? Tambaya ce da ake iya tattaunawa a zaure ba tare da ambaton sunan kowa ba, amma a kan amsarta ne jinin mutane da dukiyarsu da 'yancinsu suka dogara. Abin koyi kuma shi ne, Bello bai ɓoye hujjar abokin gardamarsa ba, ya kawo ta cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, shi ya sa har yau muke iya auna maganganun biyu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya jiƙansa) ya bar mana darasi mafi wuya. Babu malamin da ya girmama kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce cikin Shifa'ul Galili, ya tabbatar da matsayin Ahlus Sunna, ba tare da ya zubar da darajar malaminsa ba. Ƙa'ida ce ta rinjayi ƙauna. Haka kuma ya yi raddi ga wasu ɗaliban ilimin kalam na zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi irin na littafi ba. Wannan ya nuna mana cewa shi kansa ilimin hankali yana iya zama makamin girman kai idan ya faɗa hannun da ba a tarbiyyantar ba.

MATSAYIN MANƊIƘI DA USULU

Ba mu jahilci cewa malamai sun yi saɓani a kan ilimin manɗiƙi ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya haramta shi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani, yana mai kafa hujja da cewa ba a ƙin ingantaccen ma'auni don kawai wanda ba Musulmi ba ne ya fara rubuta shi. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya rusa aƙidun masu falsafa cikin Tahafutul Falasifa, amma ya buɗe littafinsa na usulu, Almustasfa, da shimfiɗa a kan manɗiƙi. Shaihul Islami Ibnu Taimiyya, da ya rasu a 1328, ya soki manɗiƙin Yunanawa suka mai tsanani, sai dai duk wanda ya leƙa raddin nasa zai ga cewa mutum ne da ya san fannin ciki da bai, kuma da hujjar hankali ya yaƙe shi. Wanda bai taɓa karanta shafi ɗaya ba, ba shi da ikon fakewa da inuwarsa. A nan gida ma, jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima da tarihi, bai fita daga Musulunci ba saboda haka.

Abin da muke kira gare shi ba ɗauko aƙidar Arisɗo ba ne, wal'iyazu billahi. Wahayi shi ne asali, hankali mai hidima ne. Amfanin ilimin da ke magana a kan ƙa'ida tsantsa shi ne yana cire sunaye daga mas'ala, idan kuwa aka cire sunaye sai zuciya ta rasa gefen da za ta karkata. A kasuwar Babura ko Gwiwa, kafin a zuba gero sai an yarda da tiyar da za a auna da ita. Mai saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama, Suratul Muɗaffifina ta riga ta faɗi makomarsa. To, haka wanda ya ce duk malamin da ya shiga gidan mai mulki ya sayar da addininsa: idan ƙa'ida ce, sai ta hau kan malaminsa ranar da ya shiga; idan kuwa zai nema wa nasa uzuri, to na wasu ma sun cancanci uzurin.

Ga wani misalin da ake ji kullum, musamman yanzu da ake yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a watsa a Facebook da WhatsApp. Sai ka ji an ce 'yan ƙungiya kaza suna faɗin magana kaza, wane ma ya faɗe ta, saboda haka shi ma nasu ne. Yaron da ya yi wata guda yana koyon ƙa'idar ƙiyasi zai gane cewa wannan daidai yake da a ce akuya tana da ƙaho, sa ma yana da ƙaho, saboda haka sa akuya ne. Da irin wannan gurguwar hujja an ɓata sunan bayin Allah, an raba sahu, an yanke zumunci.

ABIN DA YA KAMATA

Makarantun Islamiyya da majalisun karatu na ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suna ƙoƙari wajen hadda da tajwidi, Allah Ya saka. Sai dai hadda ba tare da ma'auni ba, takobi ne a hannun wanda bai koyi riƙo ba. Ya kamata ɗalibin da ya yi nisa ya karanta Waraƙat na Imamul Haramaini a usulul fiƙhi, domin ya san gamamme da keɓantacce, da sakakke da ƙayyadadde. Ya karanta Raf'ul Malam na Ibnu Taimiyya da Bidayatul Mujtahid na Ibnu Rushdi, domin ya ga cewa manyan limamai sun saɓa ne bisa dalilai sanannu. Wanda aƙidarsa ta zauna kuma, babu laifi ya karanta Sullam na Ahdari a gaban malami amintacce, kamar yadda aka daɗe ana yi a zaurukan ƙasar Hausa. Sannan a horar da ɗalibi kada ya yi raddi ga wata magana sai ya iya bayyana ta yadda mai ita zai ce lalle haka nake nufi.

Gyara ba ya tabbata da ƙarfin murya. Idan muna tuhumar wasu da makauniyar biyayya ga shehunansu, alhali mu ma ba mu taɓa samun malaminmu da kuskure ko abokin saɓaninmu da daidai ba, to cutar ɗaya ce, rawani kawai aka sauya. Magabata sun ce son zuciya ɓacin zuciya, kuma mafi munin ɓacin shi ne wanda mai shi yake ɗaukarsa kishin addini.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta ko da a bakin wanda ba mu so ta fito, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata ko da daga namu ta zo. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.