Wai Sai An Gwada Fitsarin Talaka Kafin A Ba Shi Mudun Gero?

'Yan uwa mazauna Suleja da kewaye, musamman mutanenmu na Bagama, da na Kwamba, da na Madalla da Gauraka, waɗanda iyayenmu suka zo ci-rani har zama ya kama su, mu kuma aka haife mu a gindin Dutsen Zuma. 

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata magana da ta taso a majalisarmu ranar Lahadin da ta wuce bayan sallar isha'i, wadda har yanzu ta tsaya mini a maƙogwaro. Kamar yadda da yawanku suka sani, 'yan kasuwar da suka fito daga wajenmu sukan yi karo-karo duk shekara kafin azumi, a sayi gero da shinkafa da sukari a raba wa zawarawa da marayu da gidajen da ƙarfinsu ya ƙare. To ana cikin lissafin gidajen da za a ba, sai wani dattijo abokin mahaifina, mutumin kirki ne kuma hannunsa a sake yake, ya gyara zama ya ce shi fa ya gaji da ciyar da 'yan ƙwaya. Ya ce daga bana duk gidan da ke da saurayi sai ya kawo takardar gwaji daga asibiti, in an samu ƙwaya a jikin yaron a soke sunan gidan. Ya ƙara da cewa ai ko Turawa haka suke yi, kuma lafiyar mutum a hannunsa take, wanda ya lalata kansa kada ya ɗora wa jama'a.

Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuma na ce, "Baba Alhaji, Allah Ya ja kwana, to ƙannen yaron fa, su me suka sha?" Ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka san duniya ba tukuna." Mahaifina ya watso mini wani kallo, na ja bakina na yi shiru, domin ba a yi mana tarbiyyar ja-in-ja da manya a bainar jama'a ba. Amma shirun da na yi na ladabi ne, ban yarda ba.

Kada wani ya ɗauka ina kare shaye-shaye ne. Wallahi ko kaɗan. Na ga abin da tiramol da kodin da roci suka yi wa yaran da muka yi sakandare tare. Akwai wanda ya fi ni ƙoƙari a aji nesa ba kusa ba, yau in ka gan shi a bakin tasha sai ka kau da kai don kunya. Binciken da aka yi tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, can gida ke nan. Wanda ya ce babu matsala to ƙarya yake yi. Gardamata da Baba Alhaji a kan wanda za a kama ne, da kuma abin da za a yi masa in an kama shi.

Mu fara da maganar Turawan, tunda ita ce ta rufe wa mutane baki. Gaskiya ne an taɓa yi. A 2011 jihar Fulorida ta Amurka, ƙarƙashin gwamna Rick Scott, ta yi doka cewa duk mai neman tallafin kuɗi na iyalai marasa galihu sai an gwada shi, shi zai biya kuɗin gwajin, in ya fita tsaf a mayar masa. A cikin wata huɗu aka gwada mutum 4,086. Mai karatu, ka san nawa aka samu? Mutum 108 kacal, wato kashi 2.6 cikin 100. Kuɗin da jihar ta mayar wa waɗanda suka fita tsaf ya kai dala 118,140, ya ma fi abin da da za ta ba waɗancan 108 ɗin. Kotu ta dakatar da dokar a watan Oktoban wannan shekarar, ta soke ta a ƙarshen 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a 2014. An tozarta talaka kusan dubu huɗu don a kama ɗari, kuma aka yi asara a kai. Wannan shi ne abin da ake so mu kwaikwaya a Bagama da kuɗin karo-karonmu?

Sannan wannan zato da ake yi cewa da ka ba talaka abu sai ya kai wa mai ƙwaya, shi ma an bincika. A 2014 wasu masu bincike biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka a kan tallafin kuɗi, suka ga ba ya ƙara yawan abin da ake kashewa a giya da taba. Ni ban ma buƙaci Bankin Duniya ya gaya mini ba. Na tsaya a shagon mahaifina na ga abin da bazawara take yi da dubu biyar in ta shigo hannunta: garin masara, manja, magi, omo, sai ɗan canjin da za ta ƙulle a bakin zane don kuɗin makarantar allo.

To a ce ma an yi gwajin. Shi wannan ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari ba alƙali ba ne. Wiwi takan daɗe a jiki, mai yawan sha za a iya ganinta bayan makonni, amma hodar iblis, wadda sai mai kuɗi ke iya saye, kwana biyu zuwa huɗu ta ɓace. Sholisho ba ya fitowa a irin wannan gwajin. Tiramol ma sai tsinken yana da layin da aka yi dominsa musamman. Wanda kuma likita ya rubuta wa maganin ciwo mai kodin a ciki, shi sai ya faɗi gwajin alhali bai yi laifin komai ba. Ban da wannan, a ƙasar nan da ake sayen takardar komai, wa ya ce ba za a sayi ta fitsari ba? Yaron da ya fi wayo zai kawo na ƙaninsa a kwalba. Wanda za a kama shi ne dolon cikinsu, kuma wadda za ta kwana da yunwa ita ce uwarsa.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Geron nan ba saurayin ake ba ba. Shi yana can bakin titi, zai sami na shayi da burodi ko ta halin ƙaƙa. Masu shan kunun su ne tsohuwa da yara ƙanana. Matar da mijinta ya rasu, ɗanta ya lalace, tana kuka dare da rana, ita ce za mu ce wa ta koma gida hannu rabbana saboda ta haifi ɗan da ya fi ƙarfinta? Ashe mun haɗa mata zafi biyu ke nan. Malamanmu sun karantar da mu kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, ban taɓa jin an ce sai faƙiri ya zo da shaidar asibiti ba.

Wani a majalisar ya kawo misalin Kano, ya ce ai Hisbah ma tana gwaji kafin auren gata. Haka ne, a auren da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 an yi gwaje-gwaje, na ƙanjamau, da ciwon hanta, da jinsin jini saboda sikila, da juna biyu, har da na ƙwaya. Wannan ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma a duba bambancin. A can 'yar mutane za a ɗauka a damƙa wa namiji, hakkinta ne a san ko waye shi, kuma wanda aka ce ya dakata da aure ba zai mutu ba. Abinci kuwa ba a dakatawa da shi.

In dai Kano za mu kwaikwaya, akwai abin da ya fi wannan kyau. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021 an gwada 'yan takara, aka samu 13 masu neman kansila da ƙwaya a jikinsu. A na 2024 hukumar NDLEA ta ce ta samu 20. Janar Buba Marwa, wanda ya karɓi shugabancin hukumar a 2021, ya rubuta wa jam'iyya mai mulki a 2022 yana neman a gwada masu neman takara kafin zaɓen fidda gwani. Wannan shi ne gwajin da ya fuskanci alƙibla. Wanda zai riƙe baitulmali shi ya kamata a fara dubawa, domin ɓarnarsa kowa take shafa. Kuma tunda ana maganar wanda ke cinye tallafi, a tuna cewa a Janairun 2024 ministar jin ƙai ce da kanta, Betta Edu, aka dakatar a kan takardar tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. Watan da ya biyo baya mata da matasa suka fito kan titi a Minna da nan Suleja suna kukan tsadar abinci. Ba 'yan ƙwaya ne suka jefa mu a wannan hali ba.

Ita kanta ƙwayar, daga ina take zuwa? Yaron Bagama ba shi da kamfani. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a kan kodin a 2018, ta nuna yadda ma'aikatan wasu kamfanonin magani ke fitar da shi ta bayan gida, sannan gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2025 kuma suka bi sawun wasu ƙwayoyi har zuwa wani kamfani a Mumbai ta Indiya da ke lodo su zuwa Afirka ta Yamma. Tsakanin Mumbai da lungunmu akwai jirgin ruwa, akwai tashar ruwa, akwai tirela, akwai shingen jami'an tsaro iri-iri, akwai babban dila, akwai mai kemis. Kuma, a yi haƙuri da ni, cikin waɗannan akwai 'yan kasuwa irinmu, masu sahun gaba a masallaci. Duk wannan jerin mun tsallake shi, sai a kan marainiya muka ga ƙarfinmu.

Saura maganar cewa lafiyar mutum a hannunsa take. Na yarda, amma a auna kowa da mudu ɗaya. Ku dubi majalisarmu da kyau. Mutum nawa ne tumbinsu ya riga su shiga shago? Mutum nawa ne ke fama da ciwon suga da hawan jini, likita ya hana su, amma kullum sai an aiko yaro ya sayo lemon kwalba mai sanyi da tsire da daddare, shayi kuma sai an zuba sukari har cokali ya tsaya? Mahaifina na cikinsu, ba ɓoyewa zan yi ba, sai da muka haɗa kai da Inna muka hana yaran shago sayo masa. Bara da ciwon ya kwantar da ɗaya daga cikin manyanmu har aka yanke masa yatsun ƙafa, karo-karo muka yi, kuma daidai muka yi. Ba wanda ya tashi ya ce a kawo lissafin kwalaben da ya sha tukuna. To me ya sa son zuciyar mai shago sunansa lalura, na ɗan bazawara kuma sunansa iskanci?

Ita ma ƙibar ba kullum daɗi ke kawo ta ba. Matar da abincinta daga garin kwaki sai taliya sai tuwo, saboda wake da ƙwai da kifi sun fi ƙarfinta, tana iya yin jiki alhali jikin ba na lafiya ba ne. Haka lebura da ke tashi da asuba ya bi motar Zuba ya shiga Abuja ya wuni yana ɗaukar bulo zuwa bene na uku, wani ya ce masa ga ƙwayar da ke kashe gajiya. Ya yi kuskure da ya karɓa, ban wanke shi ba. Amma bayan wata shida jikinsa ne ke nema, ba shi ba, kuma in ya daina kwatsam zai yi ta zufa da makyarkyata da ciwon gaɓoɓi kamar zai mutu. Wannan ba a warkar da shi da yunwa. Rashin sanin inda za a kai irinsu ne ya sa iyaye ke kai su gidan mari, har muka ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Alhali a Kadunan nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, akwai na Dawanau a Kano, akwai na Kware a Sakkwato, inda likitoci ke wannan aiki.

Don haka ga abin da zan kai gaban kwamiti. Kada a soke sunan gida ko ɗaya saboda ɗan da ke cikinsa, a damƙa hatsin a hannun uwar kamar yadda aka saba. Kuɗin da za a ce talakawa su kashe a gwaji, mu masu hali mu tara kwatankwacinsa, mu zaɓi yara biyu da suka nuna suna son dainawa, dattijo ɗaya ya raka su Barnawa, in sun dawo wani ya ɗauke su a shagonsa ya sa musu ido. Mai kemis ɗin da duk unguwa ta san abin da yake sayarwa bayan magariba, dattawa su je su same shi, in ya ƙi a kai maganarsa gaba. In kuma an dage sai an yi gwaji, to ni na yarda, da sharaɗin mu 'yan kwamiti da 'ya'yanmu mu fara shiga layi, a haɗa da awon suga da na hawan jini, a karanta sakamakon kowa a majalisa.

An sa zama na gaba ranar Juma'a bayan isha'i, a inda aka saba. Baba Alhaji ya ce zai zo. Ni ma zan je in Allah Ya kai mu, kuma na riga na roƙi mahaifina a gida ya bar ni in ƙarasa maganata wannan karon. Bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba, ya dai ce in cire zancen tumbi.