In Tafiya Ta Kai Ki Kwatarkwashi

 

A wannan wata ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen zama da kishiya. Wata 'yar uwa ce ta aiko mini da wasiƙa daga Kano, ta ce za a kai ƙanwarta aure Kwatarkwashi, ita ma tana cikin 'yan rakiyar amarya, kuma za su yi kwana biyu. Tambayoyinta uku ne. Wai gaskiya ne garin matsafa ne? Ana iya cin abincinsu? In ta je me za ta gani? Da na karanta sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, domin na san ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba. Ni a Tsafe nake aure, kuma duk wanda zai je Gusau daga Tsafe sai ya bi ta kusa da wannan dutse. To bari in amsa mata, ke ma ki saurara, wata rana biki ko gaisuwa na iya kai ki.

Kwatarkwashi tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a jihar Zamfara, kan hanyar Funtua zuwa Gusau. Tun daga nesa za ki hango dutsen ya tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsa kamar ɗa a cinyar uwa. Masarauta ce mai tsohon tarihi. Sarkinta, marigayi Alhaji Ahmad Umar, ya shekara 61 a kan karaga kafin rasuwarsa a 2022, ki ga kuwa jarirai nawa aka haifa suka yi jikoki a zamaninsa. A da can wannan yanki namu, da Tsafe da 'Yandoto da Kwatarkwashi, ana lissafa shi cikin ƙasar Katsina ne, shi ya sa tsofaffinmu da yawa in kin tambaye su asali za su ce miki su Katsinawa ne.

Amma kafin mu kai ga kallon dutse, sai mun fara da maganar hanya, don ba zan ɓoye miki ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar wannan yanki. Abin ya kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. A 2023 kuma an kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, wanda yake kan wannan hanya. Saboda haka ranar tafiya ba ke za ki tsayar ba, mutanen da za ki wurinsu su za su ce a taho ko a dakata, domin ɗan gari shi ya san inda rana ke faɗuwa. Maigida ya kira su da safen, ya ji yadda aka kwana. Kada a yi sammakon asuba, kada kuma a bari la'asar ta yi sanyi ana kan titi. Sarƙar gwal da awarwaro ki bar su a gida, amarya ba za ta ƙi ki don kin zo da na roba ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matan da tun ana shiga mota sun ɗora hoto a WhatsApp da Facebook, ga mu nan za mu wuri kaza, mu goma sha biyu ne. Wa kike sanar wa? Ki bari sai kin dawo ɗakinki ki ɗora duk abin da kike so. In kuma mutanen garin suka ce a fasa, to a fasa, ba a yi wa dangi fushi a kan wannan.

Yanzu ga maganar tsafi. Eh, tarihi bai ɓoye ba, dutsen Kwatarkwashi ya yi suna a ƙasar Hausa da tsafin Magiro, kuma Maguzawa sun zauna a kewayensa tun zamani mai nisa. Amma wane tsohon gari ne a ƙasar Hausa ba shi da irin wannan a bayansa? Ke 'yar uwa ta Kano, kin manta da Barbushe da Tsumburbura a Dala? Yau in wani ya ce miki Kano garin matsafa ne ai sai inda ƙarfinki ya ƙare. To haka su ma. Kwatarkwashi garin Musulmi ne, da masallatansu da makarantun allo da na Islamiyya, kiran salla ne zai tashe ki da asuba.

Su kuwa Maguzawa, ya kamata ki san ba wata ƙabila ba ce da ta zo daga wata uwa duniya. Hausawa ne kamar ni da ke, waɗanda suka daɗe a kan al'adar kakanni, an kuma san su da ƙarfin noma da riƙon alkawari. Da yawa sun musulunta, waɗansu sun shiga addinin Kirista, gidajen da suka rage 'yan kaɗan ne a ƙauyuka. Ba kuma kowa ke son a tono masa asali ba. Na taɓa raka waɗansu baƙi gaisuwar rasuwa wani ƙauye a wannan yanki, tun hanya na da daɗi. Muna zaune a tsakar gida, wata tsohuwa ta kawo ruwa a ƙwarya fes, sai ɗaya daga cikin baƙin ta kauda kai, ta ce wa ta kusa da ita, a tunaninta a hankali, ai ta ji an ce mutanen nan ba a shan ruwansu. Tsohuwar ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ɗauke ƙwaryarta ta ce, “Ɗiyata, ruwan dai na Allah na, ba mu munka yi shi ba.” Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe tsohuwar nan ta fi shekara talatin da musulunta, ita ce ma ke tara matan unguwar karatu. Ko da ma ba ta musulunta ba, ruwan baƙo ai ba abin wulaƙantawa ba ne. Har muka baro gidan ba ta sake shigowa inda muke ba, kuma masu gidan sun daɗe suna jin kunyarta a kanmu.

Don haka kalmar arna kada ta fito daga bakinki, ki kuma ja wa yaranki kunne tun daga gida. Kada ki tare tsoho ki ce ya nuna miki wurin tsafi. In hira ta yi daɗi shi da kansa zai ba ki labarin da, ki saurara kamar yadda ake sauraren tarihi. Addininmu ma ya hana mu zagin abin da waɗansu ke bauta wa, don kada su rama da abin da ya fi muni. Sai kuma wata magana da ba zan tsallake ba, tunda mu mata ne mun san junanmu. Akwai wadda da ta ji an ambaci irin wannan gari, abin da zai faɗo mata shi ne ko za a samu mai ba da taimako a kan maigida ko abokiyar zama. 'Yar uwa, kin je rakiyar amarya, kada ki dawo ba imani. Masu damfara kuma sun san irin wannan zuciya, suna nan ko'ina suna jira.

Haka zancen yake ga Fulani. Za ki ga matansu da ƙorai suna tallar nono, ko da yake ba kamar da ba, domin rikicin nan ya tarwatsa rugage da yawa, su ma an kashe nasu an kore musu shanu. Na ji yaro ɗan shekara bakwai ya nuna wata mai nono ya ce ga matar ɓarayi, uwarsa na tsaye tana dariya. A gida ya ji. Ki gaishe ta, ki saya in kina so, kada ki yi mata tambayar ina rugarsu, kada kuma ki ɗauke ta hoto ba ta yarda ba. Wannan na hoto ya shafi kowa da kowa, mutane ba kayan kallo ba ne.

To me za ki gani? Dutsen dai shi ne babban abin kallo, kuma ya fi kyau da hantsi ko da yamma lis in rana ta yi ja ta haske shi. Lokacin kaka zuwa farkon hunturu ya fi daɗi, an yi girbi, gari ya wadata, dutse ya bushe. Da damina santsi gare shi, da bazara kuwa tafin ƙafa ba ya jure zafinsa. Hawa sama a halin da ake ciki ban ba ki shawara ba. In masu masaukinki sun ce ba komai a taka gindinsa, to a tafi da ɗan gari, da takalmi mai kama ƙasa, ba mai tsini ba, da ruwan sha, a riƙe hannun yara, kada su tura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama da ƙudan zuma.

Ki ɗaga kai ki duba ko Allah zai sa ki ga maiki. Wannan tsuntsu shi ne ya ƙara fito da sunan dutsen, don a da a tsagoginsa yake sheƙa, har akwai bikin ɗaukar maiki da ake yi a garin, samari su hau su nuna jarunta. Ɗan uwan ungulu ne amma ya fi ta girma nesa, ƙwai ɗaya tak macen ke yi. Ki gaya wa yara, cikin tsuntsayen duniya ba a san wanda ya kai shi tashi sama ba. A 1973 wani jirgi ya yi karo da irinsa a sararin Abijan ta ƙasar Kodibuwa, a tsawon sama da mita 11,000. Yau kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, tun 2015 masana suka sa shi cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da ake sa wa mushe da kuma masu farautarsa don haɗa magani. In wani ya tallata miki kansa ko gashinsa, ki wuce abinki.

Gaisuwar fada aikin maza ne, ke cikin gida za a shigar da ke, kuma nan ne daɗin yake. Ki tafi da ɗan abin hannu, goro ga tsofaffi, sabulu, gishiri, sukari, ko turmin atamfa ga uwar gida in da hali. A hannun babbar gidan ake ba da shi, ita ta san yadda za ta raba. Ban son ɗabi'ar nan ta tsayawa a ƙofar gida ana watsa wa yara alewa da canji suna kokawa, koya musu roƙo ne, iyayensu kuma ba sa jin daɗi ko sun yi shiru.

Hausarsu za ta ɗan ba ki wuya da farko. Za ki ji lahiya lau, za ki ji mi kike so, awo ita ce i, macce ita ce mace, in an ce yaro na kwana to barci yake yi. Kada ki kwaikwaya kina dariya, su ma taki Hausar baƙuwa ce a kunnensu. Abinci kuwa ki saki jiki. Ki nemi a ba ki hoce, wanda ake gasawa da garin dawa, ki ci tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, ki sha hura da aka dama da dawo sabon kirɓi. In kina da goyo ko cikinki bai son baƙon ruwa, ki zo da naki a mota, ki ce saboda yaro ne, ba mai jin haushi. Nonon da za ki ba yara ki tabbata an dafa madarar kafin a kwantar, don ɗanyar madara na ɗauke da cuta. Ki sa gishirin zawo da gidan sauro cikin jaka.

Tsaraba ba sai an faɗa miki ba: man gyaɗa, ƙuliƙuli, daddawa, kuka, kuɓewa busassa. Abin da nake roƙonki, ki saya a hannun matan cikin gida, ki kuma rage tayi. Da yawansu gonakin mazansu na nesa sun gagara zuwa, waɗansu ma gudun hijira ya kawo su, wannan 'yar sana'a ita ce tukunyarsu. Naira ɗarin da za ki yi ta ja a kanta ba za ta ƙare ki da komai ba.

A kan hanyar dawowa, in kun iso kusa da Tsafe, ki nuna wa yara 'Yandoto ta tagar mota. Tsohon garin malamai ne da ɗalibai ke zuwa daga nesa neman ilmi tun kafin jihadi, har Muhammadu Bello ya yaƙe shi a lokacin jihadin. Sunan bai ɓace ba, shi ya sa har yau sarautar garinmu 'Yandoton Tsafe ake ce mata. Ban ce ku tsaya ba, nuni kawai, direba ya ci gaba da tafiya a isa Funtua da sauran rana.

Ke kuma mai wasiƙa, ki gaishe mini da amarya, ki ce mata ta riƙe surukarta da kyau, ta koyi gashin hoce. In kun dawo ki rubuto mana yadda kuka samu hanya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.