Ƙanjamau: Cutar Da Ke Sāke Kama A Kan Hanya

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin manya dubu a Jihar Katsina, kamar mutum 3 ne ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, alhali a Nijeriya duka 14 ne. Mun gode Allah. Amma fa kada wannan lissafi ya sa mu yi barci, gama ƙwayar nan ba zaune take wuri guda ba, ba ta kuwa tsaya a kama ɗaya.

Masana sun bi sawunta har dazuzzukan kudancin Kamaru, inda ta fito daga jikin birai. Wajen 1920 ta sami gindin zama a Kinshasa, daga nan jiragen ruwa da na ƙasa suka yaɗa ta. A 1986 aka fara ba da labarinta a Nijeriya.

Akawu ya san abin da kan faru in an yi ta kwafar takarda daga kwafi: kuskure kan shiga, na baya ya gāji na gaba. Haka ƙwayar nan take hayayyafa, sai dai ita ba mai duba mata aiki. Da haka ta rarrabu iri-iri. In kuwa iri biyu suka gamu a jikin mutum ɗaya, sai su haɗu su haifi na uku, kamar an ɗinke shafukan littattafai biyu a bango guda. Irin da ake kira CRF02_AG, watau gamin A da G, a Badun aka same shi, aka bayyana shi a 1994. Shi da irin G su ne suka fi yawa a ƙasarmu. A Nijar kuma an sami wani gamin, CRF06.

To, mu da muke kan hanyar Kano zuwa Jibiya da Maraɗi, ina katangarmu? Ƙwaya ba ta tsayawa a nuna fasfo.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu shan magani su bari. Wanda ya yi haka ya ba ƙwayar zarafin sāke kama har ta gagari maganin, ya kuma miƙa wa iyalinsa gagararriyar. Wanda ya lizimci maganinsa kuwa, ƙwayar kan kwanta har ba ya sa wa matarsa.

Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna su fahimtar da jama'a abu biyu: a yi gwaji kafin aure, kuma kada a kunyata mai karɓar magani. Wanda aka kunyata shi ne kan daina zuwa asibiti.